Noti Goma da Sikelin Fata

Duk ƙarshen shekara, idan 'yan aji bakwai suka gama makarantar da nake koyarwa, sai biyu ko uku su biyo ni har gida, su ce in roƙa musu Baba ya ɗauke su koyon kanikanci. Nakan tambaye su abin da suka sani game da sana'ar. Amsar ba ta canzawa: "Malama, ai kwancewa na da ɗaurewa." Bana ma wani ya ƙara da cewa in aka ba shi sufana da wata uku, to kamfanin sayar da motoci ya rufe ƙofa ya koma garinsu. Saboda su na zauna rubuta wannan. Ni ba na shiga ƙarƙashin mota, kuma hannuna bai taɓa kwance inji ba. Aikina a garejin Baba karatu ne da awo, yau shekara biyar. Amma daga inda nake zaune na ga abin da ɗaurewa take nufi, kuma ina so ku gan shi kafin ku zo.

Mahaifina Malam Garba maƙeri ne ɗan maƙeri. Kalme da lauje da gatari ya tashi yana yi wa manoman Araba da Amarawa. Ya riga ya yi iyali lokacin da ƙarar motoci ta fara hana shi sukuni, ya tafi Sakkwato ya durƙusa wa wani dattijon bakanike mutumin Bida. Shekara biyu cur, in ji shi, ba a bar shi ya taɓa komai ba sai wankin ƙarafa a kananzir da miƙa sufana. A shekara ta uku maigidan ya ba shi wata sandar ice, ya ce ya dafa kanta a jikin inji ya sa ɗaya kan a kunne. Ta nan ya koyi sana'ar. Har yau in mota ta tsaya ƙofar gidanmu, sandar nan yake fara ɗauka, ya lumshe ido kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, can sai ya ce, "Fistin na uku ne ba shi da lafiya."

Ya dawo Illela a shekarar da aka samu mulkin kai, da akwatin ƙarfe ɗaya. Ya share filin da ke bayan gidanmu, ya kewaye shi da dangar kara, ya haƙa rami mai tsawon mutum biyu don shiga ƙarƙashin mota. A cikin akwatin akwai sufana takwas, da filaya, da sukudireba biyu, da jak wanda sai an lallashe shi yake ɗagawa. Nan da nan ya gane sufanunsa rabin gari kawai suke yi wa amfani. Mu mutanen bakin iyaka ne. Motar da ta taso daga Ƙonni a hannun dama take tafiya, in ta tsallako sai direba ya koma hagu, kuma kamar yadda hanyar ta rabu haka notinsu ya rabu. Sufanar Ingilishi ba ta kama notin Faransa, sai dai ta cinye masa kusurwa. Don haka Baba ya koma maƙera, ya riƙa yanka karyayyen sifirin mota yana ƙera nasa, yana goge bakin da magagari har ya zauna daidai. Suna nan rataye, baƙaƙe, kowace da tambarin masabarsa.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba. Kekuna aka riƙa kawo masa, da fitilu, da keken ɗinki guda ɗaya. Attajiran garin da suka sayi lori a kamfani an ja musu kunne tun ranar saye: in wani hannu ya buɗe injin, to babu ruwan kamfani da motar. Saboda haka ko tari mota ta yi, sai a ɗaura mata sarƙa a ja ta har Sakkwato, ta wuce ta gaban dangarmu, Baba yana tsaye yana kallo da tsumma a hannu. In ta dawo bayan mako uku ko wata guda, takan dawo da takarda. Ni ake kawo wa takardun in na zo hutu daga makarantar horon malamai, domin akawun garin ba kullum ake samunsa ba. Nakan yi mamakinsu ƙwarai. An duba, kuɗi. An wanke, kuɗi. An kwance, an mayar, kuɗi. Har kwanakin da motar ta yi a harabarsu sai an biya, kamar baƙon da ya sauka a masauki. Nakan karanta ina tambayar kaina: wane abu ne suke da shi a can wanda babu shi a akwatin Baba? Ƙarfe dai ƙarfe ne.

Lorin Alhaji Buda ce ta ba ni amsa. Alhaji Buda fataucin albasa yake yi, yana saye a fadamar Kalmalo yana kaiwa kudu. Wata Litinin cikin bazara aka turo motarsa har bakin ramin Baba, tana fitar da farin tururi, ruwa da mai sun gauraye sun zama kamar kunu. Ba don ya yarda da Baba ya kawo ta ba. Ya riga ya aika Sakkwato, an ce masa kan injin sai an kai Kano, wata biyu, kuma kuɗin da aka faɗa ya kai na bijimai huɗu. Albasarsa kuwa tana tsibe a ƙarƙashin rumfa, zafi yana cinta.

Baba ya kwance kan injin, wanda kanikawa ke kira tof, ya zare bututun lagireto, wato tankin da ruwa ke hucewa a cikinsa. Wani abu kore ya zubo yana yauƙi. Ya shafa a yatsa, ya shinshina, ya dubi direban motar, wani dogo mai yawan dariya da ake kira Tanko.

"Tanko, wa ka yi ma motar ga miya?"

"Miya kuma, Malam?"

"Kuka ta. Saura daddawa da gishiri."

Tanko ya sosa ƙeya. Ashe lagireton ya daɗe yana yoyo, sai wani direba a Ƙonni ya ce masa a zuba garin taba kaɗan, yakan toshe. Ranar ba shi da taba, ya shiga kasuwa ya sayi garin kuka, ya ga ya fi yauƙi, ya ce ai ma zai fi kamawa. Yoyon ya tsaya kuwa. Ya ji daɗi, ya riƙa ƙarawa duk mako. Kukar ta toshe yoyo, ta toshe hanyoyin ruwa gaba ɗaya, inji ya yi zafi har ya ƙone gasket, wato siririn faifan da ake shimfiɗawa tsakanin inji da kansa don kada ruwa da wuta su haɗu.

"Ai don in rage ma Alhaji asara niy yi," in ji Tanko.

"Ka rage mai," in ji Baba. "Allah shi ba ka lada."

Wankin lagireto bai ba Baba wahala ba. Ya narke dalmar, ya buɗe shi, ya bi kowace hanya da siririyar waya, ya sake liƙewa. Ranar Talata Tanko ya tafi Sakkwato ya dawo da sabon gasket. Guda ɗaya ya rage a kantin kamfanin, kuma da kyar suka sayar masa. Ranar Laraba Baba ya shimfiɗa shi, ya ɗora kan injin, ya kama noti goma da ke riƙe da shi, layi biyu, biyar-biyar. Ya fara daga gaba ya bi su har baya, kowanne ya ba shi ƙarfin maƙeri, sai da jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mota ta tashi lafiya, aka yi ta kabbara. Ba ta kai Amarawa ba ta sake yin tururi.

Alhaji Buda ya zo da la'asar. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo.

"Garba, na san ubanka. Kalmensa ba ya karyewa. Kowa da abin da Allah ya hore mai."

"Alhaji, a ba ni dama guda."

"Da wane gasket? Wanda ka ƙone shi na na ƙarshe." Ya ja carbinsa. "Ran Lahadi akwai motar da ka zuwa kasuwa daga Sakkwato. Na yi magana da mai ita, za ta ja ta. Tsakanin yau da ranar, motar tana hannunka, tunda ba inda za ta. In sun ja ta, ka san abin da gari za ya ce."

Baba ya sani. Mota ɗaya tak aka taɓa ba shi amana, kuma duk wanda ke da mota daga nan har Gada yana jiran ya ji yadda za ta ƙare. In aka ja ta da sarƙa daga bakin raminsa ranar kasuwa, a gaban jama'a, ba za a sake kawo masa ko keke mai inji ba.

Da safiyar Alhamis na ji ƙarar zugazugi. Na leƙa, na ga Baba ya hura maƙera, ya sa ƙarfe a wuta yana fitar da siffar kalme. Ya bar motar, ya koma tsohuwar sana'arsa. Tanko yana zaune a inuwar motar yana fifita da wani abu mai bangon kore. Daga bakin ƙofar da ta haɗa gidanmu da garejin na hango rubutu a jikinsa.

"Malam Tanko, mi ke nan hannunka?"

"Wanga? Da motar anka ba mu shi. Ƙarƙashin kujera yaka zama. In ɗan sanda ya tsananta tambaya nakan miƙa mai, shi juya shi juya shi maido min."

Na ce ya ba ni in gani. Littafin motar ne, da Turanci. Gefensa ya sha mai, shafi biyu na farko an yage an naɗe goro, amma sauran yana nan. Na zauna kan turmi a bakin ƙofa na fara buɗawa. Ban taɓa ganin littafi irinsa ba. An zana injin an rarraba shi, kowane ƙarfe yana shawagi shi kaɗai a kan farar takarda, da siririn layi da ke nuna masa gidansa, kamar garin da aka ɗaga rufin ɗakunansa ana kallo daga sama. Na shagala har Inna ta kira ni sau biyu ban ji ba. Can wajen tsakiya na ci karo da hoton kan inji da notinsa goma. Kowane noti an sa masa lamba. Abin da ya tsayar da ni shi ne lambobin ba a jere suke ba. Ɗaya tana tsakiya. Biyu tana tsallaken ta. Uku ta koma gefe, huɗu ta tsallaka, haka suka riƙa zagayawa suna buɗewa har tara da goma suka faɗa can bakin layi.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Baba, in tambaye ka?"

"Ina jin ki, Uwata."

"Jiya da wane noti ka fara?"

Ya nuna gaba da haɓa, bai daina bugu ba. Na kawo littafin na riƙe masa nesa da tartsatsi. Ba ya karatun boko, amma lamba ya san ta. Ya bi su da baƙin yatsansa, ɗaya, biyu, uku. Sai masabar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Daga tsakiya," ya ce a hankali. "In kana miƙe faifan ƙarfe, daga tsakiya kaka bugowa kana koro shi waje. In ka faro daga baki, sai shi yi doro." Ya girgiza kai. "Na san wanga tun ina yaro gaban tsohona. Na zo kan mota na manta shi."

Ya ce maigidansa na Sakkwato da kansa yake ɗaure kan inji, ya kori yara su ba shi wuri, kuma da wata doguwar sufana mai allura yake yi, wadda yake kullewa a akwati. Shekara bakwai da ya yi a can, Baba bai taɓa riƙe ta ba.

Na karanta masa abin da ke ƙarƙashin hoton, ina juya shi da Hausa yadda zan iya. Ba a ɗaure noti gaba ɗaya, sai a zagaya su sau uku ana ƙarawa. Kuma ƙarfin ma a aune yake: laba saba'in, a kan hannun sufana mai tsawon ƙafa ɗaya. In ya gaza, ruwa ya sami hanya. In ya wuce, kan injin ya lanƙwashe.

"Ƙarfin hannu anka auna da laba? Kamar gyaɗa?" in ji Tanko, yana dariya. "Turawa dai ba su da aikin yi."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsoma kalmen a ruwa, rabinsa a miƙe rabinsa dunƙule, ya jefa shi gefe.

Gasket ne matsala ta farko. Baba ya ce ya taɓa ganin an yanka shi daga jan ƙarfe, in an sami faifai mai laushi wanda kaurinsa ya zo ɗaya. A duk gidanmu abu ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi, babban farantin Inna da ta zo da shi daga gidansu, wanda ba a saukowa da shi sai an yi baƙi. Ni aka aika.

"Farantina? Cikin mota?" Inna ta ajiye ludayi. "Shi ubanki ba ya da baki?"

"Yana da shi, Inna. Kunya yaka ji."

"Da yana jin kunya da bai aiko ki ba." Ta tashi ta sauko da shi, ta goge shi da bakin zanenta, ta duba fuskarta a ciki. "Ki ce mai in motar ta mutu, shi san inda za ya nemo min wani, ko Kano na."

Yini biyu aikin ya ci. Baba ya ɗora ƙonannen gasket a kan farantin, na bi gefensa da fensir, ramuka manya huɗu da ƙanana masu yawa. Ya yanke da kurfi, ya goge da magagari, ya sa shi a wuta har ya yi ja, ya tsoma a ruwa don ya yi laushi. Kan injin kuwa ƙarfin ranar Laraba ya ɗan gantsarar da shi. Na ɗora rular makarantata a kai, muka ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, siriri kamar gashi. Akwai wata matacciyar mota da ta daɗe a bakin iyaka, Tanko ya je ya ciro gilashin gabanta, domin gilashi ba ya ƙarya wajen miƙewa. Aka shimfiɗa samfefa, wato takarda mai yashi ta goge ƙarfe, a kai, su biyu suka riƙa goga kan injin gaba da baya, tun hantsi har aka tafi masallacin Juma'a, suka dawo suka ci gaba. Lokaci-lokaci nakan ɗora rula. Sai da hasken ya ɓace suka tsaya.

Saura awo. Ba mu da sufana mai allura, kuma babu mai ita sai kamfani. Ina ta juya maganar littafin a raina, laba saba'in, laba saba'in, sai na tuna da Malam Idi mai sayen fatu a bakin kasuwa, da sikelinsa na ratayewa mai ƙugiya a ƙasa da zobe a sama. In fata za ta iya jan ƙugiyar allura ta motsa, hannun mutum ma zai iya. Baba ya je ya aro shi. Da ya kawo, sai muka ga iyakarsa laba hamsin.

"To, an gama," in ji Tanko.

Ni kuwa sai na tuna darasin da aka yi mana na sanda da dutse, yadda doguwar sanda take ɗaga abin da gajera ta kasa. Na yi lissafin a ƙasa da tsinke, na sake yi don kada in kunyata Baba. In aka zura wa sufana bututu tsawonta ya zama ƙafa biyu, rabin ƙarfin ya isa. Laba talatin da biyar. Na auna bututun da rula sau biyu, Baba ya yi masa tsaga a daidai wurin don ƙugiya ta zauna.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura. Alhaji Buda ya zo ya zauna kan benci, ya ce ya zo ganin ƙarshen abin ne. Tanko ya danne sufana a kan noti, Baba ya kama zoben sikeli yana ja. Sai dai mai ja ba ya ganin allura, domin fuskar sikelin tana kallon gefe. Tun ranar Alhamis daga bakin ƙofa nake aikina, in miƙa in koma. Baba ya waiwayo.

"Uwata, matso ki duba min."

Na gyara mayafina, na jawo turmi har jikin motar, na hau. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Garba, ɗiya mace ka sa ta yi ma jagora?"

"Alhaji, littafin ga shekara biyu yana ƙarƙashin kujerarka. Bai ce ga wanda za ya karanta shi ba."

Alhaji ya koma jan carbinsa. Na rubuta lambobin da alli a jikin kowane noti. Zagayen farko laba goma sha biyar, na biyu ashirin da biyar, na uku talatin da biyar. Ina kiran lamba, Tanko yana matsar da sufana, Baba yana ja a hankali, ni kuma idona a kan allura tana rarrafawa kamar tururuwa a kan bango. In ta kai sai in ce, "Tsaya." Sau talatin na faɗi kalmar nan ga mahaifina, kuma sau talatin ya tsaya. A zagaye na ƙarshe ya dube ni da mamaki.

"Shi ke nan? Ai ko rabin ƙarfina ban sa ba."

"Haka littafin ya ce, Baba."

"Hannuna yana ƙaiƙayi in ƙara."

"Kada ka ƙara."

Ya sa hannayensa biyu a baya kamar yaron da aka hana taɓa wuta. Har Alhaji sai da ya murmusa.

Aka cika lagireto da ruwan rijiya, Baba ya tsaya a kan Tanko har ya rantse ba zai ƙara kusantar rumfar masu kuka ba. Aka murza, ta tashi. Baba ya buɗe murfin lagireto ya tsura wa ruwan ido. In akwai kumfa, to wuta tana ratsowa. Ruwan ya riƙa zagayawa lumui, babu ko ɗigon kumfa. Ya bar ta ta yi zafi, ya kashe, muka jira ta huce, muka sake bin notin goma da sikeli kamar yadda littafin ya ce. Amma ranar Laraba ma ta tashi lafiya, don haka babu wanda ya yi kabbara.

Ran Lahadi da sassafe Baba da Tanko suka tafi Kalmalo ɗauko albasa. Hanyar rairayi ce, kuma da kaya za su dawo, in akwai abin da zai fasa gasket to nan ne. Motar Sakkwato ta iso da hantsi, direbanta ya sauke sarƙa a bakin dangarmu ya zauna a kanta yana cin goro. 'Yan kasuwa da ke wucewa da shanu da raƙuma suka riƙa tsayawa suna tambaya. Alhaji yana kan benci. Ni da Inna muna tsakar gida muna tsince shinkafa. Rana ta take. Aka yi azahar.

Ni na fara jin ta. Jiya na saurari injin nan da kyau, na san muryarsa. Daga nesa yake tahowa, a daidai, numfashi huɗu-huɗu babu mai tsallake ɗan'uwansa. Na leƙa ta saman danga, ga ta nan tana rangaji da buhunan albasa har sama, babu tururi, Baba a tsaye a kan matakala yana riƙe da ƙofa. Ya sauka, ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin lagireto a gaban kowa. Ruwan yana nan inda aka cika shi.

Alhaji Buda ya tashi, ya zagaya motar, ya dafa ta. Ya dubi mai sarƙa.

"Ɗauki kayanka, ɗana. Ka sha hanya a banza, zo in ba ka na mai."

Inna ta leƙo ta bayana. "To," ta ce, "farantina za ya ga Ikko kafin ni."

Har yau in motar ta wuce haka take cewa, ga farantinta can ya dawo.

Kada ku ɗauka daga ranar muka daina tura mutane kamfani. Akwai aikin da sai su. In babban ƙarfen cikin inji ya cinye, injin gogewa yake so, wanda babu shi a nan, kuma Baba yakan gaya wa mai mota gaskiya tun kafin ya kwance noti ɗaya. Mun taɓa ƙin bin wannan ƙa'ida a kan motar wani mutumin Araba, don tausayinsa, muka ɓata masa mako biyu, ƙarshe dai can aka kai ta. Abin da na gane shi ne, tsadar kamfani kashi biyu ce. Akwai kuɗin injinan da suke da su, wannan halal ɗinsu ne. Akwai kuma kuɗin abin da suka sani kai ba ka sani ba, jeri da awo, kuma mafi yawansa yana cikin littafin da suka ba ka kyauta ranar da ka sayi motar. Yanzu duk wanda ya kawo mota, kafin Baba ya ɗauki sandarsa yakan ce a ɗaga kujera. Mun tara littafi goma sha ɗaya a akwatin da Inna ta ba ni. Uku na Faransanci ne, ba na jin yaren, amma lamba lamba ce, sai dai su da kilo da mita suke awo, ni kuma in zauna in mayar da shi laba. Wani malamin makaranta a Ƙonni yakan taimake ni da kalmomin in an kai masa.

Malam Idi bai karɓi sikelinsa ba, ya ce ya sami aikin da ya fi awon fata. Yana rataye a jikin ginshiƙin rumfa. Kusa da shi akwai kalmen nan na ranar Alhamis, rabi miƙe rabi dunƙule. Manoma sun sha tambayar Baba ya ƙarasa shi su saya, yakan ce ba ya da lokaci.

Masu son koyo, ku zo ranar Asabar da hantsi, kowa da rularsa. Baba zai kai ku gaban wani tsohon inji, ya nuna muku noti goma, ya tambaye ku da wanne za a fara. Wanda ya nuna na bakin layi, ga kwanon kananzir can yana jiransa.